Malam Koma-ka-duba

Shekara talatin da ɗaya Malam ya yi yana koyar da lissafi a sakandarenmu, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Koma-ka-duba yake ce masa. Ni ma ta hannunsa na biyo, kafin in dawo ina koyarwa a ajin da ke jikin nasa.

A darasin tushen murabba'i ya samo sunan. Misalinsa ɗaya ne tal: √(x+7) = x+1. Za ka ninka kowane ɓangare da kansa don alamar tushen ta fita, sai amsa biyu su fito, 2 da −3. A nan yake juyowa, alli har a gira.

"Ɗaya ɗan gida ne, ɗaya ɓarawo ne ya biyo ku. Ku koma ku duba!"

In ka mayar da 2, uku ta yi daidai da uku. In ka mayar da −3, hagu ta ba ka 2, dama ta ba ka −2. Ɓarawon ke nan. Wanda ya bar shi a takarda sifili ne, ko ɗan wa ye. Ni sau biyu na sha.

Bara mantuwa ta fara kama shi. Makullin babur, sunayen ɗalibai, ran nan har ajina ya shigo ya kama darasi. Da iyaye suka kawo ƙorafi, shugaban makaranta ya kira ni ofis.

"Gobe ka zauna a bayan ajinsa, ka rubuto min abin da ka gani. In lafiya lau, ya ƙarasa shekarunsa na aiki. In ba haka ba, ka sani."

Na sani kuwa. Malam ba gona, ba shago, matarsa ta rasu. Allon nan kaɗai ke tashinsa da safe.

Washegari ya ɗauko misalin nasa, layi bayan layi, tsaf. Har na fara sakin jiki. Ya rubuta 2 da −3, ya juyo, ɗalibai arba'in sun buɗe baki za su taya shi faɗin "Ku koma ku duba". Sai ya yi murmushi, ya ja layi ƙarƙashin amsoshin biyu, ya ɗauki dasta zai goge allo.

Wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu a hankali.

"Malam, ba za mu koma mu duba ba?"

"Mu duba me, 'yata?"

"Lafiya lau" kalma biyu ce, biro kuma na hannuna. Amma jarrabawa saura wata biyu, ga yara can suna kwafar −3 a littafi. Na rubuta abin da na gani. Har yau ina jin haushin kaina, kuma da za a sake, shi zan sake rubutawa.

Tun da aka sallame shi daga aiki, duk Asabar nake zuwa gida gaishe shi. Ba ya gane ni. Makon jiya ya miƙo min wata takarda, misalin nan ne, da amsoshinsa biyu.

"Samari, kamar akwai abin da ya rage, ko?"

Na daɗe ina kallon −3 ɗin.

"Babu, Malam," na ce. "Daidai ne."