Lambar da Inna ta Wanke

Ƴata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa har yau bakina bai taɓa kiran sunanta ba. Da aka yaye ta ɗakin Inna aka kai ta, kamar yadda kowane gida ke yi a ƙauyenmu na gefen Dogo-Dogo. Uwarta kuwa kunyar ɗan fari ta hana ta ko ɗaga ido ta dube ta a gaban mutane. To ka ga yarinya ta zama ta Inna ke nan. Ita ke goya ta, ita ke dama mata kunu, ita ke faɗin abin da za a yi da ita da abin da ba za a yi ba. Ni uba ne a baki kawai, kuma abin bai taɓa damuna ba sai shekarar da masu lamba suka zo.

Ni na san lamba tun kafin ta iso garinmu. An taɓa ɗibata aikin tilas na hanyar mota wajen Damagaram. Can aka jera mu wata safiya, aka tsattsaga mana dantse da ƴar wuƙa, aka shafa wani ruwa a kai. Ba wanda ya ce mana ga dalili. Hannu ya kumbura ya yi ruwa, zazzaɓi ya kayar da ni, na yi ta tsine wa Nasara a zuci. Wani tsohon soja da muke haƙa tare ya dube ni ya yi dariya.

"Kai baƙauye, gode wa Allah," in ji shi. "In ta kumbura ta kama ke nan, agana ba za ta ci ka ba. Wadda ta warke sumul ita ce ta banza."

Ban yarda ba sai da agana ta shigo zangonmu da bazara. Na kwana tabarma ɗaya da wanda ta kama, na ɗauki gawarsa da hannuna, ko ƙurji ɗaya bai fito mini ba. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Na komo gida da tabo a dantse da wannan ɗan sani a kai, na ɗauka na samo wa gidanmu abin arziki.

Da sanyin wata shekara, yarinya tana wajen shekara uku, dogarin sarki ya shigo gari yana shela: gobe kowa ya fito da yaransa, za a yi lamba, wanda ya ɓoye ɗa zai gamu da kwamanda. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kai, wa zai ji wannan hankalinsa ya kwanta? Dogarin nan shi ke zuwa in za a ƙidaya kawuna don haraji. Shi ke zuwa in za a ɗebi samari soja. Ba mu taɓa ganinsa ya kawo alheri ba, to don me yau za mu ce alheri ya kawo? Kafin la'asar Fulanin da ke ruga a bayan gonarmu sun kaɗa shanunsu sun yi kudu, ƙasar Ingilishi. Mu masu rumbu ba mu da inda za mu, sai mata suka shiga zuba yara cikin rumbunan.

Da safe na nemi yarinya ban gan ta ba. Na ɗaga jinkar rumbun Inna, sai ga ta zaune bisa damin gero, an ba ta ƙuli-ƙuli don ta yi shiru. Na ciro ta. Inna ta fito daga ɗaki ko kallabi babu.

"Ajiye ta."

"Inna, maganin agana ne. Ga tawa nan, ki duba."

"Na gani. Sun yi maka shaida kamar jakin haya, sun kai ka fasa dutse. Ƙanenka ma likita ne ya fara duba shi, ya buɗe masa baki ya leƙa, sannan suka tafi da shi soja. Ina yake? Nuna mini kabarinsa in ka sani."

Ƙanena kam bai dawo ba, ko tsummansa ba a aiko mana ba. Amma na san abin da na gani. Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na wuce mahaifiyata tana magana. Ta biyo ni tana ja mini Allah ya isa ƙasa-ƙasa, uwar yarinya kuwa tana tsaye bakin turmi kanta a sunkuye.

A gindin gawon bakin kasuwa aka jera mu. Gardin kwamanda biyu, wato ƴan sandansa masu jar hula, suna kai da komo da bulala. Mai lambar baƙar fata ne kamarmu, mutumin wata ƙasa can yamma, ba ya jin Hausa. Tafintansa abu ɗaya ya iya faɗi: "Miƙo hannu." A tsaga, a shafa, a ture ka, wani ya matso. Yara na ihu, iyaye mata na salati. Na lura duk wadda aka yi wa ɗanta sai ta suri yaron ta yi bayan danga da sauri, amma na ɗauka rarrashi za ta yi.

Da aka yi wa ƴata, sai na tsaya na ce da tafinta, "Malam, don Allah ka faɗa wa matan nan kada su taɓa wurin. Ka ce musu zai kumbura, kuma kumburin shi ake nema. Ba su sani ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne likitan ko shi?"

"Ba ni ba ne. Amma magana ɗaya ce."

Sai ya juya ya yi wa gardi magana da Faransanci, suka kwashe da dariya. Gardin ya dafa ni da bulala ya ce tunda bakina da ƙarfi, wuyana ma zai yi ƙarfi, in ɗauki akwatin likita. Haka aka ɗora mini kaya nan take, tare da wasu mutum kaɗan da tsautsayi ya faɗa wa. Na miƙa wa Inna yarinya ina cewa, "Inna, don girman Allah kada ruwa ya taɓa hannun." Ta karɓe ta ba ta dube ni ba.

Ƙauye-ƙauye muka bi da su har wajen Dungas. Ko'ina abu ɗaya ne: miƙo hannu, tsaga, shafa, wuce. Ina tsaye da akwati a ka ina kallon mata suna yi bayan danga, a nan ne na leƙa na ga abin da ake yi. Tsofaffi ne zaune da ƙwaryar ruwan tsamiya da toka. Da an kawo yaro sai a tsotse wurin a tofar, a dirje shi da tsamiya, a danna toka. Na ce a raina Inna ba za ta yi ba, na roƙe ta da Allah.

Ran da aka sallame ni na iso gida, ko ruwa ban sha ba na kamo hannun yarinya. Sumul. Ɗan zane kawai kamar ƙaya ta karce ta.

"Ka gani?" in ji Inna, har da murmushinta. "Lafiyarta lau. Je ka dubi ɗan maƙera, uwarsa ta yi sanyin jiki ba ta wanke ba, hannu ya zama kamar taɓarya, yaro na ta zazzaɓi. Cuta suka zuba musu. Ni da bakina na tsotse tata."

Wallahi da wani ne ba Inna ba, da ranar an raba mu da ƙyar. Amma me za ka ce wa uwar da ta sa bakinta a kan abin da ta ɗauka dafi ne, don ta ceci jikarta? Na shiga ɗaki na zauna da haushina.

Washegari na ɗora yarinya a jaki muka yi tafiyar yini zuwa gidan likita mafi kusa. Na tarar da wani mai farar riga a baranda, na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa hannun, na ce a sake mata. Ya tambayi sunan garinmu. Da na faɗa sai ya ce, "Ai an gama da garinku."

"Ranka ya daɗe, tata ba ta kama ba. An wanke."

"Wa ya ce ku wanke?"

"Wa ya ce mana kada mu wanke?"

Nan ya ɓata rai. Ya ce ruwan lamba yana hannun masu yawo, ba a ajiye shi a nan, in jira baɗi. Ya ƙara da cewa mu mutanen ƙauye ba ma jin magana. Tir! Maganar da ba a yi ba ita ce ba mu ji ba. Na ɗauko ƴata muka komo, tana ta murna ta hau jaki, tana nuna mini raƙuma a hanya.

Agana ba ta jira baɗi ba. Da bazara ta taso ta wajen Sassumbrum, tana bin kasuwanni. Yanzu kam hukuma ta sami bakin magana: an hana cin kasuwa, an hana zuwa gaisuwar mutuwa, an ce duk wanda ta kama a fitar da shi bukka bayan gari. Ɗan maƙera yana wasansa a titi ba abin da ya same shi. Yaran da aka dirje wa hannu kuwa ta bi su gida-gida.

Tawa da zazzaɓi ta fara, tana kukan baya. Sai ƙuraje suka feso a fuska da tafin hannu, suka cika, suka haɗe, har ba wurin da za ka ɗora yatsa. Na kafa bukka da kara a bayan gari. Inna ta taɓa yin agana tun tana budurwa, zanzana na nan a kumatunta, saboda haka ita ta shiga da yarinya. Ni ina kai musu ruwa da kunu, ina shiga in zauna. Uwarta ba a bari ta matso ba. Daga nesa take tsayawa gindin wata aduwa, kuma a nan ne kunyar ɗan fari ta ƙare, don na ji ta da kunnena tana kiran yarinya da ƙarfi tana kuka, ba ruwanta da wanda ke ji.

Inna ba ta runtsa ba. Ta shimfiɗa yarinya a kan rairayi mai laushi don tabarma na ɗaye mata fata, tana kora ƙuda da mafici, tana ɗiga mata kunu da ludayi. Fatar idon ta kumbura ta rufe ruf. Kullum na shigo sai Inna ta ce, "Za su buɗe, kumburi ne kawai."

Ta rayu. Yara da dama a layin bukkokin nan ba su rayu ba, saboda haka mutane suka yi ta yi mini barka, ni kuma ina amsawa. Da kumburin ya saɓe idanun suka buɗe, fari fat, duka biyun. Na kaɗa hannu a gabanta, ba ta ƙifta ba. Ta ce, "Baba, yaushe gari zai waye?" alhali rana na tsaka. Gardi suka zo suka cinna wa bukkokin wuta, suka tafi. Shi ke nan aikin hukuma ya ƙare.

Shekara da shekaru ina neman inda zan ajiye haushin nan. Ba a tsine wa uwa. Kuma Inna ba mugunta ta yi ba, abin da ta sani ta yi aiki da shi, abin da suka koya mata da bulala. Mutanen nan sun ɗauko magani na gaske, sun ratso ƙasa da shi a kan wuyan irinmu, suka kasa buɗe baki su yi wa tsohuwa bayanin da bai fi shan ruwa daɗewa ba. Ko jaki za ka yi wa magani kana shafa masa wuya. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Da sanyi ya zagayo bayan aganar, masu lamba suka dawo. Wannan karon ba wanda ya ɓoye ɗa, ba ƙwaryar tsamiya a bayan danga, mata har ture juna suke. Mun koya, da ƴaƴanmu muka biya. Gardi ya ce kowane yaro sai ya shiga layi. Na ce wannan ta riga ta yi agana, a dubi fuskarta. Ba wanda ya duba. Mai lamba ya kamo hannunta, kansa a ƙasa, ya tsaga. Yarinya ta zabura ta ƙanƙame rigata.

"Baba, wa ke yanka ni? Me na yi?"

Inna ce ta ɗauke ta zuwa gida, ta riƙe hannun a sama kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta hana a yi mata wanka. Ta hana ta kwanta a ɓangaren. Idon Inna ya fara rauni a lokacin, saboda haka kowace safiya sai ta jawo yarinya ƙofar ɗakina ta miƙo mini dantsen.

"Duba mini, ta kumbura?"

Ina cewa tukuna, ina cewa tukuna. Wata safiya na gaji.

"Ba za ta kumbura ba, Inna. Ba sauran abin da za ta tsare."

Ta zauna nan a ƙasa bakin ƙofa, ta ɗora yarinya a cinya, ta ci gaba da kora mata ƙuda daga hannun.