Ɗakin Rediyon Baba

Babanmu bai taɓa jefar da rediyo ba. Shekara da shekaru yana gyaran rediyo da agogo a bakin kasuwar Wunti. Duk wanda ya gagara gyara, mai shi ya haƙura, sai Baba ya rungumo shi ya kawo gida, wai wata rana za a nemi wani ƙarfe a cikinsa. Har ya daina fita aiki wannan ranar ba ta zo ba. Gawarwakin nan suka cika ɗaki guda a gidanmu na Ƙofar Ran, a sashen da babban yayanmu yake zaune da iyalinsa. A ɗakin Baba yake ƙailula, a kan wata tabarma da ta girme ni.

Yaya ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, babbar tana aji huɗu a firamare. Matar ba ta koma gidansu ba, ta ci gaba da zama a ɗakinta tana suyar masa da safe. Baba kuwa duk wanda ya shigo sai ya gaya masa, "Sashen nan na yaran nan ne, na ba su." Mu ma muka ɗauka magana ta ƙare.

Ni na tayar da zaune tsaye. Wata malama da muke koyarwa tare ta shigo ofis idonta jawur. An raba gadon kakan 'ya'yanta, ba su sami ko tsinke ba, domin ubansu ya riga kakan rasuwa, kuma jika ba ya gado in akwai baffa. Na san hukuncin tun ina Islamiyya, amma ban taɓa ɗora shi a kan gidanmu ba sai ranar. Mu takwas ne a raye. Biyu cikin 'yan'uwana maza sun yi gini a Tirwun, na kuma sha jin suna cewa gidan cikin gari gara a sayar. Ba mugaye ba ne. Amma in aka sayar, ina yaran Yaya za su? Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Na sami Baba yana karyawa, na gaishe shi, na kawo maganar wasiyya. Ya ajiye masar da ke hannunsa.

"Ke, ciwon me kika ga ina yi?"

"Babu, Baba."

"To ki biya kasuwa ki yanko likkafanin gaba ɗaya, kada ki yi sawu biyu."

Kwana uku in na gaishe shi, "lafiya" kawai nake samu. Sai dai taurin kan da yake taƙama da shi a wurinsa na gada, tun yana da rai. Akwai wata lauya a Yelwa, ƙanwar ƙawata, wadda ta saba da shari'un gado. Na je wurinta, na ga agogon bangon ofishinta a tsaye. Na dawo na ce wa Baba an kai agogon nan wurin masu gyara biyu ya gagara. Ban yi ƙarya ba, na dai rage wani abu. Kafin in rufe baki ya ɗauko hula, muka tare keke.

Yarinyar ta san aikinta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta bar shi ya buɗe agogon ya gama zagin waɗanda suka taɓa shi, sannan ta tambayi labarin jikokinsa. Kalmar wasiyya ba ta fito daga bakinta ba.

"Baba, ai abin da ka yi kyauta ce, aikin mai rai da lafiya."

Ya juyo ya harare ni. "Kin ji masu ilimi."

"Ɗaki nawa ne a sashen?"

"Biyu. Ɗaya suna ciki, ɗaya kayan aikina."

"Makullin sashen fa?"

Ya shafa aljihunsa.

Ta sassauta murya ta ce a shari'a kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa, mai bayarwa ya cire hannunsa. In rai ya yi halinsa kayansa suna ciki, yana kwanciya a ciki, makulli yana aljihunsa, alƙali yana iya cewa ba a taɓa bayarwa ba, a zuba sashen cikin gado.

"Wato in tashi daga ɗakina?"

"Daga ɗakinsu, Baba."

Ya daɗe yana kallon cikin agogon. Ya mayar da murfin, ya ɗaure, agogo ya kama tafiya. Ya ce, "Ranar Asabar."

Ranar Asabar unguwa ta sha kallo. Liman da mai unguwa suka zo shaida, muka yi ta jidar rediyo zuwa zaure. Na ƙirga har hamsin na gaji. Ɗan kudun da ke da shagon magani a jikin gidanmu ya zo taya mu, ya tsaya da guda uku a rungume.

"Baba, wannan rediyo duka ya mutu ne? Ko ɗaya bai magana?"

"Hutawa suke yi," in ji Baba.

Tabarmar ce ta fita a ƙarshe, da kansa ya naɗe ta. Ya miƙa wa uwar yaran makulli a madadinsu, ta karɓa da hannu biyu tana kuka, ni ma ban tsira ba. Lauyar ta karanta takarda, shaidu suka sa hannu, Baba ya rubuta sunansa da ajami yana mitar cewa biron ba shi da kyau.

Abin da ba mu zata ba shi ne yadda zai riƙe maganar. Washegari na same shi tsaye a ƙofar sashen yana doka sallama, a gidan da ya gina da guminsa. Ƙaramar ta leƙo ta ce, "Kaka, shigo mana." Ya ce, "A'a, amarya, sai uwargida ta ba da izini." Haka ya tsaya har babbar ta fito ta yi masa iso, tana ta ƙyalƙyala dariya. Daga ranar ko butarsa bai ƙara bari a can ba. Wata rana ya manta carbi a kan kujera, ya tuna yana hanyar masallaci, ya juyo da sauri kamar wanda ya baro madara a wuta. Muka yi ta tsokanarsa, ya ce mu yi dariyarmu, shi dai ba za a kama shi da carbi ba.

Shekara biyar ya ƙara a duniya. Bayan rasuwarsa, ranar da wakilin alƙali ya zo da masu awo, ɗaya daga cikin 'yan Tirwun ya yi gyaran murya ya ce ba gardama yake yi ba, amma ai kowa ya san Baba kullum yana sashen nan. Na miƙa takarda, aka karanta. Sai mai unguwa ya ce, "Kullum yana zuwa, gaskiya ne. Amma shekara biyar ban taɓa ganin ya sa ƙafa ciki ba sai ya yi sallama masu gida sun amsa." Liman ya ce shi ma abin da ya gani ke nan. Ɗan'uwan nawa ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Masu awo suka naɗe igiyarsu a bakin ƙofar, suka wuce sashen gaba.

Rediyoyin dai sun shiga gado. Guda shida suka faɗo mini, har yau suna hutawa. Yaran suna nan a sashensu, babbar tana jami'a a Yelwa, ta mayar da ɗakin rediyon ɗakin karatu. A wannan ɗakin aka haife ni. Duk da haka in na je nakan tsaya daidai inda Baba yake tsayawa, in yi sallama, in jira a amsa.