Shekarar da haddar Yaya ta zube

Yayata tana da izu sittin a ka tun kafin ta yi aure, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta da haka ba, balle ni da na maƙale a izu biyar. Duk Asabar mata kan taru a falonta a Edmonton, hawa na tara, tana gyara musu karatu tana yankan kuɓewa. Haushinta nake ji, ina kuma tinƙaho da ita.

Tana da shekara hamsin da ɗaya abin ya fara. Zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji ko ana tsananin sanyi, barci ya ƙaurace mata. Wannan duk ta shanye. Amma wata Asabar ta kai tsakiyar aya ta tsaya cak, sai da ɗalibarta ta ja mata baki. Mako na gaba sau uku aka yi haka, sai ta rufe ajin.

Yaya ta yanke wa kanta hukunci: zunubi ne yake cinye mata hadda. Ta ɗauki waya ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara, har maƙwabciyar da suka yi cacar baki kan wurin ajiye mota. Da layi ya zo kaina, takanas ta zo Plumstead ta durƙusa a kicin ɗina, matar da ko sannu ba ta cika ce mini ba.

"Ki yafe mini duk abin da na yi miki," in ji ta.

Na ce, "Yaya, tashi, na yafe. Amma na yi miki booking wurin GP ranar Talata."

"Likita ne zai dawo min da karatu?"

"Ki je dai, ko don zufar nan."

Likitar ta ce lokacin ɗaukewar al'ada ne, kuma mantuwa na cikin abin da yake jawowa. Aka ba ta maganin mannawa a fata, zufa ta riƙa ɓamɓare shi. Aka koma na shafawa, shi ma bai tsinana mata komai ba. Bayan wata da watanni aka tura mu wani asibiti inda ake dasa maganin a ƙarƙashin fata. Ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa. Aka kashe wurin da allura, aka ɗan tsaga gefen mararta, aka tura shi ciki aka rufe. Nas ta ce a hankali zai riƙa narkewa tsawon watanni, in ya ƙare a sa wani. Yaya ta riƙe hannuna gam har aka gama.

Barci ya dawo, zufa ta ragu. Hadda ma ta dawo, amma ba duka ba. Ranar Lahadi nakan je in riƙe littafi ta yi tilawa. Wasu shafukan su zubo kamar an buɗe famfo, wasu sai na ja mata baki. A da na ɗauka zan ji daɗi ranar da zan gyara wa Yaya karatu. Da ranar ta zo, tausayi ne ya kama ni, har nakan yi jinkiri ko za ta tuna da kanta.

Ranar da ta sake buɗe aji ina nan. Ta ajiye littafi a buɗe a gabanta, abin da ɗalibanta ba su taɓa gani ba, ta gaya musu dalili ba ɓoye-ɓoye, har da abin da aka dasa mata. Ta ce duk wadda ta ji ta yi kuskure ta gyara ta.

Sai wata dattijuwa 'yar Gana da ke zama can bakin ƙofa ta ce, "Malama, ni ma shekara uku ke nan karatu na yana gudu. Na ce Allah ya yi fushi da ni ne. Ban gaya ma kowa ba."

Yaya ta matsa gefe ta ba ta wuri, suka sa ido a shafi ɗaya.