Mangwarorin Gaiya a Bakin Dogo

Gaiya Shekwolo mutumin Paiko ne, amma a unguwar Kpakungu ta Minna ya yi zamansa, yana aikin leburan dogo. An ba shi mil biyu na layin jirgin ƙasa a bayan Minna, shi ke duba su kullum da guduma a kafaɗa.

Tun wajen 1979 ya lura ruwan sama ya sake hali. Sai a yi sati uku ba ɗigo, rana ɗaya kuma ya zubo kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, ya bar ƙarafa a sagale. A kawo tsakuwa a zuba, ruwa ya sake kwashewa. Gaiya dai manomi ne kafin ya zama lebura. Ya samo ciyawar jema ya dasa a gangaren, ya bi ƙasanta da ƙwallayen mangwaro.

Bayan shekara bakwai itatuwan suka tasa, ƙasa ta kama. Sai helmansu, wato shugaban leburori, Malam Ndanusa, ya zo masa a firgice.

"Gaiya, Sufeto zai zo ranar Talata. Ya ce duk abin da ba kayan aiki ba ne a bakin layi, a sare."

"Ai aiki suke yi, Malam. Sun fi ni ma, ko Lahadi ba sa hutu."

"To, suna da lamba? Ai kowane kayan aiki da lambarsa."

Gaiya ya koma gida ya gaya wa matarsa Rifkatu. Ita ta ce, in lamba ake so, a ba su mana. Washegari suka ɗauki fenti fari da baƙi, suka shafa wa kowace bishiya irin na turakun da ke nuna mil, suka rubuta lamba daga ɗaya har arba'in da uku.

Sufeto ya zo a kan keken dogo, mutum biyu na tura shi. Bai cika ɗaga kai sama ba, idonsa na kan lambobi da takardarsa. Da ya kai ƙarshe ya share gumi, ya ce, "Ikon Allah! Ashe ba banza na gaji ba." Ya koma ofis ya rubuta cewa Minna ta ƙara nisa da mil arba'in da uku, ba tare da izini ba. Aka kafa kwamiti.

Kwamitin na nan yana zama aka yi wani ruwa a watan Mayu wanda ya cinye layin gaba da baya. Wurin Gaiya kaɗai ya tsira, kuma a nan jirgin fasinja ya tsaya cak, kwana biyu. Mutane suka sauko suka baje a inuwa, suna shan mangwaro. Wata 'yar Bida, Alisabatu, ta tambayi direba sunan tashar. Ya duba bishiyar da ke kusa, ya ce, "Mil goma sha tara."

Gaiya ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa. Yana zagayawa da buhu yana roƙo kada a yar da ƙwallo.

Manya suka yaba ƙwarai. Don a saka masa, aka ƙara masa girma, aka mai da shi wani yanki da layin ya ratsa ta cikin dutse, inda ko ƙaya ba ta fitowa. Ranar da ya isa ya daɗe a tsaye yana kallon dutsen. Can ya ga wata 'yar tsaga da yatsa zai shiga. Ya aika wa Rifkatu ta kawo masa ƙasa a kwano.