Nauyin Fiyanon Kailu

Kailu manomin gero ne a Filinge, amma ba da gero ƙasar Kurfai ta san shi ba. Da an zuba dammuna a rumbu, bukukuwa sun kankama, sai ya ɗora fiyanonsa a amalanke. Fiyanon tsoho ne, mai katako a gefe da maɓallan murɗawa, tun yana saurayi ya samo shi a Yamai. Ba a ajiye masa murya a ciki ba, da hannu ake gina ta. In rana ta take sautin ya karkace, Kailu ya yi ta murɗawa har ya hau kan muryar Mas'uda, zabiyar da suke yawo tare. Mata kan ce fiyanon nan kuka yake kamar goge.

Bara maɓalli ɗaya ya mutu, Kailu ya kai wa Ibrah mai gyaran rediyo a kasuwa, taubashinsa. Ibrah ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya ce kayan cikin sun tsufa, an daina ƙera irinsu. Amma ya san wani a Yamai da zai karɓi tsohon ya ba da sabo fil, sauti iri ɗaya.

Da sabon ya iso, Kailu ya yi abin da kowa ke yi nan in zai sayi kalmen noma ko tukunyar ƙarfe: ya ɗaga ya ji nauyi. Ya kusa sauke masa kafaɗa. Ya ce wannan na ƙwarai ne, ya miƙa tsohon.

Bikin farko a Tabla ne, da la'asar. Zafi ya karkatar da sautin, Kailu ya kai hannu ya murɗa, maɓallin ya taho masa a yatsu. Fiyanon ya yi gurnani ya mutu. Mas'uda ta waiwayo ta dube shi, sannan ta ce a kawo ƙwarya, ta ƙarasa waƙar ba shi.

A gida ya kwance kusoshin. Ciki kusan wayam: wani siririn allo kore, kayan da ke kansa ƙanana kamar ridi, ba ƙarfen liƙa dalma da zai iya kama su a gyara. A ƙasa an manna falalen baƙin ƙarfe da gam. Shi ne nauyin. Kusa da shi ga ɗigon jan fenti, alamar da Ibrah ke sa wa duk abin da ya buɗe.

Kailu ya iske Ibrah a rumfa yana shan shayi. Ya tambaye shi ko ya ga ƙarfen kafin ya kawo. Ibrah ya yi dariya.

"Haba bawana, kai ka ɗaga da hannunka. Ni na ce maka ka auna fiyano kamar kalme?"

Maƙwabtan rumfa suka taya shi dariya, don ba a fushi da taubashi. Kailu ya tambayi inda tsohon yake. Ibrah ya ce ya ƙetare teku, Turawa na neman irinsu.

Kailu bai rama wasan ba. Bikin garin Bonkuku da aka gayyace su, Mas'uda ta aiko ta ce kada ya wahalar da jakinsa, ta samu mai kalangu.