Taken Mahaifina da Na Kasa Amsawa

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, amma ranar gayyar gonarmu ta bayan Limawa a Dutse ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, ana ta ɗibar samari aikin hanya. Daminar farko ce bayan rasuwar mahaifina, ni kuma dawowata ke nan daga makarantar elementare, shekara huɗu rabona da garma.

Baffana ya aika aka kira wani tsohon makaɗin noma daga wajen Miga, wanda ya yi wa mahaifina kiɗa tun yana saurayi. Da ƙafa ya zo, ganga a rataye, faso ya cinye masa dugadugai. A wurinmu kowane manomi yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai. In ya mutu, makaɗi kan buga shi a gayyar farko. In ɗansa ya ɗaga garma ya amsa, ya gaje shi. In an buga sau uku shiru, an binne taken ke nan. Amsa taken wani kuwa abin kunya ne, har faɗa yakan jawo.

Da hantsi ina noma, hankalina yana kan ko furar za ta isa mutane, sai na ji kiɗa ya canja. Ya yi kama da na mahaifina, amma ya ɗan yi kama da na maƙwabcinmu, wanda yake noma a kunyar da ke kusa da tawa. Na ce bari in ƙara ji. Tsohon ya sake bugawa, idonsa a kaina. Na damƙe ƙotar garma, na kasa ɗagawa. In na wani ne fa? A na uku har matsowa ya yi.

Maƙwabcin ya zungure ni. "Kai ɗan boko, da wa ake?"

Kafin in motsa, tsohon ya ɗora tafinsa a kan fatar gangar.

Da aka tashi hutu na same shi gindin ɗorawa, na durƙusa. "Baba, don Allah a ƙara bugawa, yanzu na gane."

Ya daɗe yana murza ƙafarsa. "Ɗan nan, sau uku ne, ba ni na sa ba. Bana na binne taken mutane da yawa. Amma su 'ya'yansu suna can aikin hanya, ba su ji ba. Kai ka ji."

Ya ƙarasa kiɗan wunin, ya rataya gangarsa ya kama hanya. Bai sake zuwa Dutse ba, yau ko mai tuna shi babu.

Har yanzu ni mai yawan wasiwasi ne, amma ranar na koyi cewa tsoron kuskure ma kuskure ne, kuma wani lokacin shi ne ba ya gyaruwa. Yanzu na san taken sarai. Nakan buga shi da yatsu a gwiwata, sai dai babu mai buga mini in amsa.