Batson Goggo a Kan Diski

Kai, ai da na haɗa ta sai da ta tashi! Tsohuwar ordinatar ce, wato kwamfuta, na tsinto a kasuwar Tasawa, na sa mata diski biyu masu kwafar juna, ta zama rumbun hotunan gidanmu. Na haɗa ta da pano na hasken rana da batir, don tun da soja suka karɓi mulki kuran, wato lantarki, sai ya ga dama yake zuwa. Kowa ya tura nashi ta wifi, ya goge na waya. Har muryar marigayi babanmu tana ciki, kuma babu ta ko'ina sai nan.

Saboda zafi na cire mata murfin gefe. Shekarar ce fari ya koro goggona daga Maijirgi zuwa wurinmu.

Rannan na shiga ɗaki, wari ya doke ni, fankar ordinatar tana ta hura shi. Na leƙa. Ƙullin daddawar batso ne bisa diskin, ruwa baƙi mai yauƙi yana bin su duka biyun, har da tsutsa.

"Goggo, mi ne ne wannan?"

"To ɗan nan, akwatin naka ya fi gindin murhu ɗumi. Ka ga yadda ta nuna!"

Na goge da tsumma ina toshe hanci, na kunna. Shiru. Muryar Baba ta tafi. Ashe kwafi biyu cikin akwati guda, kwafi ɗaya ne.

Ku da kuka haɗa irinta a gida, mi ya taɓa kashe muku taku?